Ranar Da Aka Ga Amílcar

Tun daga girgizar ƙasar da ta rusa Lisbon, ba a sake yi wa ɗan Fotugal ta'asa irin wadda mutanen Vale do Tordo ke yi wa Senhor Amílcar Carapeto ba. A cewarsa girgizar ƙasar ma ta fi su imani, don ita sau ɗaya ta yi ta wuce, su kuwa kullum ne. Da ya fito daga gida ya nufi shagon kofi, duk namijin da ya ci karo da shi sai ya tsaya, ya cire hularsa, ya ɗaga ta sama, ya riƙe ta a can har sai ya wuce. Tsofaffin da ke zama a benci gindin bishiyar lemo, waɗanda ko gawa aka zo wucewa da ita da kyar suke motsi, su ma sai sun cire. Baƙo zai ɗauka girmamawa ce. Amílcar ya ce da wannan girmamawar gara jifa.

Kuma duk a kan me? A kan ya taimaki jama'a.

Shi dai mutumin tafiye-tafiye ne. Shekara da shekaru yana sayar da tikiti a tashar motar birni, babu inda bai tura mutum ba, daga Faransa har Jamus. Shi kansa iyakarsa Badajoz, garin Sifaniya da ke bakin iyaka, inda ya taɓa zuwa sayen alewa, amma ya ce wanda ya sayar da tikitin wuri ya fi wanda ya je wurin saninsa, don wanda ya je barci yake yi a hanya. Da ya ajiye aiki ya dawo ƙauyenmu da zama, da gashin baki baƙi wuluk, da wata faffaɗar hula da ba wanda ya taɓa ganinsa babu ita. Ko coci ba ya shiga, a bakin ƙofa yake tsayawa, wai suna da saɓanin fahimta da limamin. Suma kuwa tana leƙowa ta gefen kunnuwansa, baƙa mai sheƙi, tana nuna akwai ƙari a ciki.

Abu ɗaya yake so a duniya: Dona Graciete mai gidan burodi, wadda mijinta ya rasu da daɗewa. Ya yi mata maganar aure tun bazara, ta kakkaɓe garin fulawa daga hannunta ta ce, “Bari a gama bikin Nélson, Senhor Amílcar, sai in ba ka amsa.” Nélson ɗanta ne tilo, yana aikin gini a Faransa. Can ya haɗu da wata 'yar Maroko mai suna Ikram, kuma a Tanja za a yi bikin, gidan iyayenta. Dona Graciete ta ɗauki hayar motar Custódio, ta gayyaci rabin layinsu. Za su bi ta Sifaniya har Tarifa, su hau jirgin ruwa su tsallaka.

Amílcar ya ga hanya ta buɗe. Mace ta ga namiji ya ja ayari ya tsallake da su teku, ai ba sai an roƙe ta amsa ba. Ya sulale birni ba da sanin kowa ba don ya yi fasfo, tun da bai taɓa mallakarsa ba. Matar da ke ɗaukar hoto ta ce a cire hula. Ya ce ai ba ta tare fuska. Ta ce a cire. Ya ce mura yake yi. Ta ce mura ba ta fitowa a hoto. Ya waiga hagu da dama, ya cire.

Da fasfon ya fito ya buɗe, ya rufe. Ya zauna a bakin gado, ya sake buɗewa ko an canza. Mutumin da ke ciki kansa kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare, fitilar ofis ta sauka a tsakiyarsa ta yi farin wata. Ga kuma ranar haihuwa, wadda ta girmi wadda ya gaya wa Dona Graciete da shekara goma sha ɗaya. A katinsa na ɗan ƙasa ma ranar tana nan, amma ya saba ɗora babban yatsa a kanta, kuma hoton katin tsoho ne, na zamanin da sumar take da rai.

Yana cikin wannan juyayin a shagon kofin Ti Belmiro sai Dona Graciete ta leƙo. “Mai fasfo ya kawo in haɗa a jakata kada wani ya yar,” ta ce. “Wanda ba shi da shi ya je birni ya yi. Nélson ya ce da shi za a shiga.”

“Ni zan riƙe jakar a mota,” in ji Dona Idalina, wadda duk abin da ta gani da safe kafin azahar ya kai ƙauye uku. “Mu sha kallon hotuna, hanya ta yi mana gajarta.”

Kofi ya sarƙe Amílcar. Ya yi tari, ya dafe hularsa, ya miƙe tsaye.

“Wane fasfo?” ya ce. “Maroko ba ta neman biza daga ɗan Fotugal. Kowa ya je ya tambaya.”

“Wannan mun ji,” in ji Ti Belmiro daga bayan kanta.

“Kun ji, amma ba ku fahimta ba. Compadre, aminina, da yarenmu me ake ce wa biza?”

“Visto.”

“In kuma an ga abu, me ake cewa?”

Ti Belmiro ya ce, “Visto.”

“To kun ji da kunnenku. Biza na nufin an gani. Ƙasar da ta ce ba ta buƙatar visto ta ce ba ta buƙatar ganin komai ke nan. Kai kuma ka ɗauko littafi ka kai mata ka ce dole sai ta gani. Ai cin fuska ne. Kamar maƙwabci ya ce shigo ba sai ka ƙwanƙwasa ba, kai kuma ka zo da guduma.”

“Nélson fa ya ce...” in ji Dona Graciete.

“Nélson ango ne. Ango ko sunan uwarsa ka tambaye shi sai ya yi tunani. Kai kuma Belmiro, da ka je Faransa tsinkar inabi, da me ka je?”

“Da kati.”

“Wa ya tambaye ka?”

“Ba kowa.”

“Custódio, Jamus fa?”

“Kati,” in ji direban.

“To Maroko da ke nan bakin hanci ta fi Jamus nisa ne? Kakanninmu sun je can a jirgin katako, wa ya tambaye su takarda?”

“Wataƙila shi ya sa aka koro su,” in ji Ti Belmiro.

Amílcar ya yi kamar bai ji ba. Jama'a kuwa maganar ta yi musu daɗi, don ba wanda ke marmarin zuwa birni ya wuni a layi. Masu fasfo su uku ne, su kuma ya ja su gefe ya gaya musu fasfon Fotugal shi ne abin da ɓarayin duniya suka fi so, in an ji ƙanshinsa a mota har tayoyi za a kwance. Dona Idalina ta ce ai ita dama hotonta bai yi kyau ba, ta bar nata a gida.

Ya samu Dona Graciete a bakin tanda. “Naki fa, Dona Graciete? Kin ajiye?”

“Na ajiye shi inda ba namijin da ya isa ya kai hannu.”

Ya yi murmushi, ya ce ga mace mai jin magana. Shi ma ya ɓoye nasa inda yake ɓoye sauran asirinsa, don masani komai saninsa yana barin ƙofar baya a buɗe.

Kafin ranar tafiya ya mai da shagon kofi makaranta. Ya hana su shan ruwan kowace ƙasa sai na rijiyar Vale do Tordo, aka cika jarkoki. Ya ce kada kowa ya damu da Larabci, ai mun iya, duk abin da aka ce maka ka ce oxalá, wato insha Allahu, kalmarsu ce muka ara ba mu mayar ba. Ya hana Ti Belmiro kai wa surukai cinyar alade, ya ce Musulmi ne, kuma wannan ce kaɗai gaskiyar da ta fita daga bakinsa a makon. Ti Belmiro ya ce to shi zai cinye kayansa a hanya kafin a kai teku. Aka loda busasshen kifi, da man zaitun, da bargon da Dona Graciete ta saƙa wa amarya, da cukuin tumaki guda shida mai laushi, wanda Amílcar ya ce a sa a bayan mota kusa da inji don kada sanyin teku ya kama shi.

Da suka iso iyakar Sifaniya ya sa Custódio ya tsaya.

“Ku sauko,” ya ce. “Kowa ya sauko ya ga ilimi.”

Suka sauko. Ga tsohon ɗakin masu gadin iyaka, taga a fashe, ciyawa ta fito ta ƙofa, shamuwa ta yi sheƙa a kan rufi. Amílcar ya je ya ƙwanƙwasa tagar.

“Akwai mai son ganinmu?” Ya saurara. “Ba kowa? To mun wuce.” Ya juyo yana gyara gashin baki. “Ƙasa guda ke nan, compadre. Wa ya tambaye ka?”

“Shamuwar ta kalle ni,” in ji Ti Belmiro.

Aka yi masa tafi. Dona Idalina ta ce da irinsa ke gwamnati da an huta. Ya saci kallon Dona Graciete, ya ga tana kallonsa, ya ji ƙirjinsa ya cika riga.

Custódio ya ce a tura agogo gaba, Sifaniya ta fi mu da awa guda.

“Kada wanda ya taɓa agogonsa,” in ji Amílcar. “Ratsawa muke yi, ba zama muka zo ba. Agogon ɗan Fotugal ba ya yi wa na Sifaniya biyayya. Mun yi yaƙi a kan abin da bai kai wannan ba.”

“Jirgin fa, da agogon wa yake tashi?”

“Jirgi a ruwa yake, Custódio. Ruwa na kowa ne.”

Bayan sun wuce Sevilha rana ta buɗe, cukuin ya fara magana. Da farko aka zargi takalmin Ti Belmiro, ya cire ya miƙa a shinshina. Sai aka ga wani farin abu yana gangarowa ta ƙarƙashin kujeru a hankali, ya wuce jarkokin ruwa, ya isa ga bargon amarya. Dona Graciete ta janye bargon ta ɗora a cinya. Amílcar ya ce haka ake so, a Maroko narkakke suke ci. Ya sa aka tsaya cin abincin rana a gindin wata bishiya, ya ce akwai sauran lokaci, ga agogo. Suka ci suka sha, Ti Belmiro ya yi wa cinyar aladensa ɓarna, har ya ɗauko akodiyan, abin kiɗansa mai zuga-zugi, ya ɗan taɓa.

Suna shiga Tarifa suka ga jirginsu, fari tas, yana tsakiyar ruwa ya ba su baya.

“Ya tashi da wuri,” in ji Amílcar. “Halin Sifaniyawa ke nan. Akwai wani da la'asar, dama shi na fi so, ya fi natsuwa.”

Iskar Tarifa kuwa ba ta wasa. Tana kaɗa siket, tana kifar da kwandon shara, tana tura mutum inda bai yi niyya ba. Amílcar ya dafe hula da hannu ɗaya, ya ɗaga katinsa da ɗayan, babban yatsa a inda ya saba, ya ja ayarinsa zuwa ƙofar shiga. Jami'in da ke wurin matashi ne mai sanyin murya. Ya kalli katin ya ce, “Fasfo.”

Amílcar ya juyo ga jama'arsa ya kanne ido. “Sabon ɗauka ne. Bari in yi masa da yarensu.” Yarensu a wurin Amílcar shi ne namu, a ɗaga murya a murɗe ƙarshen kalma. “Mu 'yan Fotugal ne. Babu visto.”

“Na sani,” in ji jami'in. “Biza ba a nema a wurinku. Fasfo ake nema.”

“In ba a neman biza, me za a gani a fasfo?”

“Ku za a gani.”

“To ga mu. Kalle mu.”

“Ina kallonku, ranka ya daɗe. Katin nan zai kai ka duk inda kake so a wannan gefen ruwan. Can gefen ba Turai ba ce.”

“Kira mini babbanku.”

Babban ya zo, ya faɗi abin da ƙaramin ya faɗa, sai dai shi bai ce ranka ya daɗe ba. Layi ya taru a bayansu, Faransawa da Jamusawa da 'yan Maroko masu komawa gida, kowa da littafinsa a hannu. Wata tsohuwa 'yar Maroko ta tambayi Dona Idalina wani abu, Dona Idalina ta ce oxalá, tsohuwar ta matsa gefe.

“Compadre,” in ji Ti Belmiro a hankali, “ko in koma in kira shamuwar ta yi mana shaida?”

“Senhor Amílcar,” in ji Dona Graciete, “jibi ne bikin ɗana.”

Nan ya ga in bai yi wani abu ba amsa ta tafi. Ya hau kan jarkar ruwa don kowa ya ji shi. Ya fara da kakanni da jirgin katako, ya biyo ta kan ma'anar kalma, ya zo inda zai nuna wa jami'an faɗin tekun da 'yan Fotugal suka ratsa ba takarda. Faɗin teku kuwa ba ya nunuwa da hannu ɗaya. Ya buɗe hannu biyu.

Iska ta ɗauke hular kamar dama jira take. Sumar gefen kunne ta bi ta, don a jikin hular aka ɗinke ta. Rana ta sauka a kan Amílcar ta dawo wa jama'a a ido. Wani ɗan jan littafi da ke zaune a ƙarƙashin hular tun safe ya zamo ta goshinsa, ya faɗo gaban takalmin Dona Idalina, ya buɗe da kansa.

Hular ta yi sama, ta juya, ta nufi Afirka.

Dona Idalina ta sunkuya ta ɗauka. Ta kalli hoton, ta kalli kan, ta sake kallon hoton. “Wannan dai bai yi ƙarya ba,” ta ce. Sai idonta ya kai ga ranar haihuwa. “Kai, ashe ka girmi yayana Tobias. Belmiro, zo ka gani.”

“Fasfo ne wannan, compadre?” in ji Ti Belmiro. “Irin wanda ɓarayi ke so?”

“Ajiya aka ba ni.”

“Ƙwai ne ya ba ka ajiya?”

Jami'in ya karɓa ya duba, ya ce wannan lafiyarsa lau, mai shi zai iya wucewa. Akwai wani?

Dona Graciete ta juya wa maza baya, ta sa hannu a wuyan rigarta, ta zaro nata. Ta saɓa bargon amarya a kafaɗa, ta ɗauki ƙullin busasshen kifi. Amílcar ya sauko daga kan jarka, tafin hannu a tsakar kai, wani sabon fata ya taso masa. Su biyu ke da fasfo. Su biyu a jirgi, ga teku, ga la'asar.

“Kin gani, Dona Graciete? Haka na tsara tun farko. Ni da ke...”

Ta karɓi fasfonsa daga hannun jami'in, ta miƙa wa Dona Idalina. “Riƙe masa, maƙwabciya, kada iska ta ɗauke. Shi ya kawo ku, shi zai mai da ku.” Ta wuce ba ta waiga ba.

A komawa aka ba shi kujerar baya, wurin cukui. Fasfon ya zaga motar har sau biyu, Custódio ma sai da ya tsaya gefen titi ya kalla da kyau. Ti Belmiro ya tsara waƙa a kan farin wata da ya fito da rana. Amílcar ya ɗaure kansa da hankici ya ce ko ba komai hularsa ta shiga Maroko ba wanda ya tambaye ta, wannan ya nuna a ƙa'ida maganarsa tana nan. Aka jefe shi da ƙashin cinya.

Da Dona Graciete ta dawo, hannuwanta jawur da lalle, ya sayi sabuwar hula ya je gidan burodi.

“A cire hula in za a shigo shagona,” ta ce.

Ya cire. Ta nuna masa hoton marigayi mijinta da ke rataye a saman kanta, wanda Amílcar ya sha gani bai taɓa lura ba. Kan marigayin ya fi nasa sheƙi.

“Shekara talatin ina shafa wannan kan,” ta ce. “Kuma mutumin da ba ya cire hula a watan Agusta, kana tsammani mata ba su san dalili ba? Da ka cire ta tun bazara, da ka ji amsa tun bazara.”

“Yanzu fa?”

“Yanzu ka samu bizarka, Senhor Amílcar. An gani. Shiga ce babu. Burodi nawa za a ba ka?”

Ya fito da burodi ɗaya a hammata. Tsofaffin gindin lemo suka cire huluna. Ya tsaya a gabansu ya ce za a yi shari'a wata rana: da iskar Tarifa, da matar da ke ɗaukar hoto, da wanda ya fara raba wa abu biyu kalma ɗaya a yaren nan don rowa.

“Sai wa kuma, compadre?” in ji Ti Belmiro daga ƙofar shagonsa.

Amílcar ya kalli burodin, ya kalli tagar gidan burodin.

“To, ni ne,” ya ce. “Ni na ƙirƙiro maganar a kan kujerar can, tsakanin tari ɗaya da na biyu. Ni na narkar da cukui, ni na tsai da agogo, ni na hana ku cin biki, duk don kada mace ɗaya ta ga abin da ta riga ta sani.” Ya gyara gashin baki. “Amma ku faɗi tsakaninku da Allah, tun da aka kafa ƙauyen nan, an taɓa yi muku ƙarya mai tsari irin wannan?”

Suka yi shawara a tsakaninsu, suka ce ba a taɓa ba. Ya ɗaga musu sabuwar hular, sama sosai, ya riƙe ta a can har ya wuce.